Lezar Eksire Mai Sakakkun Elektiron

Lezar eksire mai sakakkun elektiron, wadda masana ke taƙaita sunanta da XFEL, na'ura ce da ke fitar da walƙiyar hasken eksire mai tsananin ƙarfi a cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, domin a ga yadda ƙwayoyin zarra suke jere a cikin abu da kuma yadda suke motsi. John Madey na Jami'ar Stanford ne ya gabatar da tushen fasahar a 1971.

Ana ingiza dunƙulen elektiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, a miƙaƙƙiyar hanya har gudunsu ya kusa kai na haske, sannan a bi da su ta tsakanin dogon jerin maganadisu da ke sa su tafiyar maciji. Duk lanƙwasar da suka yi sai su fitar da haske, hasken kuma ya dawo ya jera su sahu-sahu, har su riƙa haskawa tare kamar da baki ɗaya. Tsawon lokacin walƙiyar da ke fita yawanci ba ya wuce gomman femtosakan, femtosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan dubu na sakan.

Wannan gajarta ita ce darajar na'urar. Haske mai irin wannan ƙarfi yakan tarwatsa abin da ya faɗa wa, amma walƙiyar tana wucewa da hoton kafin ƙwayoyin su sami damar watsewa. Da wannan dabara Henry Chapman da abokan aikinsa suka nuna a 2011 cewa ana iya karanta siffar furotin daga ƙananan kiristal waɗanda a da ake ganin ba su da amfani. Shekara guda bayan haka aka gano siffar wani furotin na ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon barci. Idan kuma aka tayar da sauyin sinadari da wata leza, aka ɗauki hotuna a jere, sai a samu abin da ya yi kama da fim na ƙwayoyi suna aiki, kuma da haka ake bin yadda tsirrai ke raba ruwa su fitar da iskar oksijin.

Cibiyoyin ba su da yawa. LCLS da ke ɗakin binciken SLAC a Kaliforniya ta Amurka ta fara haskawa a 2009, SACLA ta Japan ta biyo baya a 2011, akwai kuma wasu a Koriya ta Kudu da Suwizalan. European XFEL, mai tsawon kilomita 3.4 daga Hambug zuwa Schenefeld a Jamus, ta buɗe a 2017, tana fitar da walƙiya 27,000 a sakan, alhali LCLS ta farko 120 take bayarwa. LCLS-II, da ta fara aiki a 2023, an gina ta ne don ta kai miliyan ɗaya.

Babban cikas shi ne tsadar gini da ƙarancin gurbi, domin gwaje-gwaje kaɗan ne ke iya gudana a lokaci guda. Saboda haka masu bincike kan rubuta takardar neman lokaci, kwamitin masana ya tantance, wanda ya dace a ba shi 'yan kwanaki.