Daga Shonga zuwa Diamond Princess: abin da jirgin ruwa ke saukewa bayan fasinja

Ɗan ƙanwata ya samu aiki a kicin ɗin wani babban jirgin ruwan shaƙatawa, irin waɗanda ke kwasar masu hali su yi ta zagaya teku da su gari-gari. Ranar da takardar ta zo, gidansu a unguwar Nima ta Akra ya cika da 'yan barka. Uwarsa kuwa sai da aka watse, bayan sallar isha'i, ta jawo ni gefen murhu ta ce, "Yaya, ba irin jirgin nan ba ne aka kulle mutane a ciki lokacin korona? In ciwo ya tashi a tsakiyar ruwa, ina yaron nan zai nufa?" Ban amsa mata a daren ba. Tambayarta ta girme ni, ta girme ta, ta girmi korona da ɗaruruwan shekaru, kuma wannan gari namu na Akra, wanda tsofaffin zango ke kira Ankara, ya sha ɗanɗana amsarta.

Tun fil azal mutanen bakin teku sun san jirgi ba kaya kaɗai yake kawowa ba. A 1377 hukumar birnin Ragusa, wato Dubrobnik ta ƙasar Kuroshiya a yau, ta kafa doka cewa duk wanda ya fito daga inda annoba take sai ya yi kwana 30 a keɓe kafin ya shiga gari. Daga baya aka mai da shi kwana 40, kuma kalmar da Turawa ke kiran killacewa da ita har yanzu daga "arba'in" ɗin Italiyanci ta fito. Mu kuwa muna da abin da ya riga wannan nesa ba kusa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in an ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, in kuma ta ɓarke kana ciki kada ka fita. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah ake gudu. Hukuncin a fili yake. Wahalar tana wajen aiki da shi idan "ƙasar" da annobar ta ɓarke a cikinta jirgi ne mai mutum dubu uku, ga shi tsaye a bakin tasharka.

A tsakiyar watan Agusta na 1918 wani jirgin sojan ruwan Ingila mai suna Mantua ya tsaya a Firitawun ta Saliyo da marasa lafiya a cikinsa. Leburorin da suka loda masa kwal su suka fara kwasa, suka kai gida. Ƙarshen watan, ranar 31, wani jirgi mai suna Shonga da ya taso daga Firitawun ya iso Kef Kwas, ranar 3 ga Satumba ya iso Akra. A lokacin babu tashar da jirgi zai matso bakin gaɓa, can nesa yake jefa anga, 'yan kwale-kwale su tuƙa su je su kwaso kaya da mutane. Cikin 'yan makonni murar ta game garuruwan gaɓa, ta bi layin dogo ta shiga Kumasi, ta bi hanyoyin fatake ta yi arewa, hanyoyin da kakanninmu ke bi da goro da shanu. Masanin tarihi David Patterson ya ƙiyasta cewa mutum dubu 100 ko fiye suka rasu a Gwalkwas, wato Gana ta yau, cikin kamar wata shida. Annobar nan ce aka sani da marisuwa a ƙasar Hausa, kuma can ma ta ruwa ta shiga, ta Legas.

Wanda ya ɗauko kayan jirgi a ka shi ke fara kwanciya, unguwarsa kuma ita ake ɗora wa laifi. Akra ta yi fama da annobar ɓeraye a 1908, wadda ƙuma ke ɗauka daga ɓera ta kai ga mutum. A 1924 ta ɓulla a Kumasi, ta yi ɓarna a zango, Turawan mulki suka rushe gidaje suka gina sabon zango, suka kafa hukumar lafiya ta garin a shekarar da ta biyo. An samu gyara, ba a musu, amma sai bayan an binne mutane.

Daga nan zamani ya juya. An buɗe tashar Takoradi a 1928, ta Tema a 1962. Jiragen fasinja na kamfanin Elder Dempster, irin su Aureol, sun yi ta safara tsakanin Ingila da gaɓar nan har 1974, lokacin da jirgin sama ya gama ƙwace musu kasuwa. Jirgin ruwan fasinja bai mutu ba, sana'a ya sake. Ya daina zama abin hawa, ya koma otal mai yawo. Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Unguwa guda ke nan a cikin ƙarfe, abinci daga tukwane ɗaya, hannu dubu kan ƙarfen bene ɗaya, kuma da yawa daga fasinjojin dattawa ne masu hawan jini da ciwon sukari.

Shekaru da dama babban abokin gaban waɗannan jirage shi ne amai da gudawa. Tun 1975 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta kafa shirin duba tsaftar jiragen da ke tsayawa a tashoshinta: jami'ai su faɗo ba sanarwa, su duba kicin da ruwan sha da wurin wanka, su ba da maki cikin 100, wanda ya samu 85 ko ƙasa da haka ya faɗi. In kashi 3 cikin 100 na fasinja ko ma'aikata suka kamu da ciwon ciki, sai a wallafa sunan jirgin kowa ya gani. Mafi yawan lokuta ƙwayar norobairos ce. Takan nuna kanta cikin awa 12 zuwa 48, ta kwantar da mutum kwana ɗaya zuwa uku. A farkon 2014 ta kama kusan mutum 700 a jirgin Explorer of the Seas, dole aka katse tafiyar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sanitaiza ba ta cika kashe wannan ƙwaya ba. Sabulu da ruwa ne maganinta, wankin hannu na sosai, ba shafa ba.

A shekarar dai, 2014, aka ga ɗaya fuskar lamarin, wato tsoro. Ebola na cin Gini da Laberiya da Saliyo, Akra ce ma hedikwatar tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ita. A watan Oktoba aka gano wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji daga Dalas, wadda aikinta ya shafi samfurin jinin wani mai cutar, tana cikin jirgin Carnival Magic. Ba ta da zazzaɓi, ba ta da komai. Duk da haka Beliz ta ƙi a sauke ta, Meziko ba ta ba jirgin izinin tsayawa ba. Da aka gwada ta, lafiyarta lau.

Sai 2020. Jirgin Diamond Princess ya bar Yokohama ta Japan ranar 20 ga Janairu. Wani dattijo mai shekara 80 ya sauka a Hon Kon ranar 25, ranar 1 ga Fabrairu gwaji ya nuna yana da korona. Da jirgin ya komo Yokohama sai aka tsare shi da mutum 3,711, fasinja 2,666 da ma'aikata 1,045. An ce kowane fasinja ya zauna a ɗakinsa kwana 14. To wa zai dafa musu, wa zai kai musu abinci ƙofa-ƙofa sau uku a yini, wa zai kwashe shara da zannuwan gado? Ma'aikata. Su ba a killace su ba a farko. A ƙasan jirgi suke kwana, biyu-biyu ko fiye a ɗaki, suna cin abinci wuri ɗaya, kuma binciken da aka yi bayan haka ya nuna masu aikin abinci ne cutar ta fi kamawa a cikinsu a kwanakin farko. A ƙarshe mutum 712 suka kamu, aƙalla 13 suka rasu. Duk sanda na tuna wannan sai leburorin kwal na Firitawun su faɗo mini a rai. Shekara 102 tsakani, amma mai ɗauke da tire ya tsaya daidai inda mai ɗauke da kwando ya tsaya.

Sauran labarin ya zo a guje. Tashoshi biyar suka kori jirgin Westerdam kafin Kambodiya ta karɓe shi. A Sidni ta Ostireliya akasin haka aka yi: ranar 19 ga Maris aka bar fasinjojin Ruby Princess kimanin 2,700 suka watsu cikin gari kafin sakamakon gwaji ya fito, daga baya aka danganta mutuwar mutum 28 da jirgin. Amurka ta hana jiragen tashi tun 14 ga Maris, ba su dawo aiki daga tashoshinta ba sai Yunin 2021. An kwashe fasinjoji cikin makonni. Dubban ma'aikata kuwa sun yi watanni a kan ruwa, ƙasashensu sun rufe iyaka, kamfanoni na jayayya kan kuɗin mai da su gida.

Mu ma nan mun rufe. An tabbatar da mutum biyu na farko a Gana ranar 12 ga Maris, ranar 22 Shugaba Akufo-Addo ya rufe iyakokin sama da ƙasa da ruwa ga fasinja, ranar 30 aka kulle Akra da Kumasi har mako uku. Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya mara wa dakatar da jam'i baya, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai zuciyar masallaci. Da aka sake buɗewa, ƙofar kowane masallaci a Nima da Mamobi akwai bokitin Veronica, mai famfo a gindi da roba a ƙasa da sabulu a gefe, ƙirƙirar 'yar ƙasar nan Veronica Bekoe. Filin jirgin sama na Kotoka ya buɗe ranar 1 ga Satumba 2020, amma iyakokin ƙasa da na ruwa sai 28 ga Maris 2022.

Yanzu jiragen sun dawo, wasu suna tsayawa a Tema da Takoradi. Baƙi su sauko da safe, a zuba su a bas zuwa gidajen bayi na Kef Kwas da Elmina, ko kasuwar sana'o'in hannu ta Akra inda 'yan'uwanmu ke sayar da jakar fata da ganga da tsakiya, kafin magariba sun koma ruwa. Ciniki ne na halal, ina so ya ƙaru. Amma baƙon yini ɗaya ya tafi, direba da mai shago da mai rakiya su ne za su kwana da abin da ya bari. Dokar lafiya ta duniya ta 2005 ta wajabta wa kyaftin ya bayyana halin lafiyar jirginsa a rubuce, jami'an lafiya na tasha kuma su ne ke da ikon cewa a sauko ko a dakata. A ganina nan ne gaba ɗaya maganar take. Jami'in nan yana bukatar kayan gwaji, da hanya mai sauri zuwa cibiyoyin binciken cututtuka, wato Noguchi a Legon ko KCCR a Kumasi, da wurin da za a kwantar da mara lafiya a tudu, da kuma goyon bayan manyansa in ya ce a jira alhali bas ashirin na tsaye da inji a kunne. Korar jirgi ba dabara ba ce, kulle mutane a cikinsa an ga ƙarshensa a Yokohama, sakinsu ba gwaji an ga nasa a Sidni. Abin da ya rage shi ne a sauke mara lafiya da wuri, a raba shi da masu lafiya, a lissafa ma'aikaci a matsayin mutum.

Mai niyyar hawa don shaƙatawa, shi nasa da sauƙi, domin yana iya fasawa. In annoba na tashe, dattijo ko mai ciwon ajiye ya ga likita kafin ya biya kuɗi, ya tabbata inshorarsa ta ɗauki kwashe shi daga teku, don asibitin jirgi ƙarami ne kuma ba kyauta ba ne ga fasinja. Ya riƙe maganinsa fiye da kwanakin tafiyar. Wanda zazzaɓi ya kama ana gobe tafiya ya haƙura.

Yaronmu shi ba fasinja ba ne. Na zaunar da shi muka bi kwantiraginsa layi-layi. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta ba ma'aikacin jirgi haƙƙin magani kyauta yana bakin aiki, da haƙƙin a mai da shi gida ba da kuɗinsa ba. Na ce ya ajiye hoton takardun a waya, kwafi kuma a wurin uwarsa. Ya ce, "Kawu, in na ce cikina na ciwo a makon farko, ai sai su ce ni rago ne." Na ce masa mai aikin abinci da ya ɓoye gudawa shi ne ake kora, ba wanda ya faɗa ba, kuma ko babu dokar kamfani akwai haƙƙin mutanen da za su ci daga hannunsa. Ya yi shiru, sannan ya ce to.

Da na koma wa ƙanwata da duk wannan, ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sai ta tashi ta buɗe akwatinsa ta nuna mini abin da ta riga ta shirya: garin rogo, kwalbar shito a naɗe cikin leda biyu, dardumar salla, takunkumi fakiti guda, sabulu sanda huɗu. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ta sa shi cikin fasfo ta ɗaure da roba. Ranar Talata zai tashi daga Kotoka ya je ya tarar da jirgin.