Kayan yanka da ɗaura fim ɗin silaid

Silaid hoto ne da ake ɗauka a kan fim wanda, bayan an wanke shi, yakan fito da launinsa na ainihi, a haska shi a bango da majigi. Ba shi da nagatif, wato guntun fim ɗin da ya shiga kyamara shi ne hoton da kansa. Idan aka yanka shi ba daidai ba, ko aka karce shi, babu inda za a samo wani. Wannan ne ya sa kayan yanka shi da ɗaura shi a firam suke da muhimmanci.

A fim mai faɗin milimita 35, kowane hoto milimita 24 ne da 36, yana da huda takwas a kowane gefe, tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi kuwa kamar milimita 2 ce kacal. A nan wuƙa za ta bi. Ana iya yi da almakashi, amma inda hoton ya yi duhu, da wuya ido ya ga iyakarsa. Shi ya sa kamfanoni irin su Kaiser na Jamus suka ƙera ƙaramar na'ura mai fitila a ƙasa, da gilashin ƙara girma, da wuƙa mai sauka lokaci guda. Mai aikin yakan sa safar hannu ta auduga, ya ɗauki fim da matsefata, domin shatin yatsa yana iya zama tabo na dindindin.

Girman firam ɗin inci 2 ne kowane gefe, kimanin santimita 5. A 1939 Kodak ya fara mayar wa masu hoto fim ɗin Kodachrome a ɗaure cikin firam na kwali, wanda ake manne shi da zafi. Daga baya na roba ya yaɗu, ana haɗa ɓangarorinsa biyu da hannu ko da ɗan matsi. Manyan wuraren wankin hoto kuma suna da injuna masu yankawa, su ɗaura, su buga lamba a jere.

Babban zaɓin shi ne tsakanin firam mai gilashi da marar gilashi. Zafin fitilar majigi yakan sa fim marar gilashi ya ɗan lanƙwashe, sai hoton ya dushe a bango har sai an sake saita shi. Gilashi yana hana wannan, yana kuma tare ƙura. Sai dai inda bayan fim mai santsi ya taɓa gilashi, wasu zobba masu launin bakan gizo sukan bayyana, ana kiransu zobban Newton. Maganinsu shi ne gilashi mai ɗan kaushi, irin wanda kamfanin Gepe ya yi suna da shi. Akwai kuma matsalar danshi: idan ya maƙale tsakanin gilasai biyu, fumfuna na iya cin hoton. Don haka gilashi ya fi dacewa da silaid ɗin da za a yawaita haskawa, amma wanda za a adana shekaru gara a bar shi ba gilashi, a wuri mai sanyi kuma busasshe.

Ana sa silaid a majigi kansa ƙasa, gefen da ba ya sheƙi yana fuskantar bango. Masu aiki sukan ɗiga alama a kusurwa ɗaya don kada a ruɗe cikin duhu.

Kodak ya fito da majigin Carousel a 1961, ya daina ƙera shi a 2004. An daina yin Kodachrome a 2009, wurin ƙarshe da ke wanke shi kuma, Dwayne's Photo a jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Amma an dawo da Ektachrome, wani fim ɗin silaid na Kodak, a 2018, kuma ma'aikatan adana tarihi har yanzu suna buƙatar waɗannan kaya, domin sukan cire tsofaffin hotuna daga kwalin da ya lalace, su kwafe su a kwamfuta, su mayar da su sabon firam.