Ƙa'idar Kashi 5 Cikin 100: Abin da Doka Ta Shar'anta Kafin a Gasa Mai Ciwon Daji

Majinyacin da aka kwantar a ƙarƙashin injin gashin ciwon daji ba ya ganin hasken radiyeshan da ke ratsa jikinsa, ba ya jin zafinsa a lokacin, kuma ba shi da hanyar sanin ko an ba shi daidai abin da likita ya rubuta. Domin kare irin wannan mutumin ne aka kafa dokokin awon haske.

Ana auna hasken da jiki ya sha da ma'aunin girei. Likita na iya rubuta girei 60 zuwa 70, a raba shi girei 2 a rana, kwana biyar a mako, har tsawon makonni shida ko bakwai. Tun 1976 hukumar duniya mai kula da ma'aunan haske, wato ICRU, ta ba da shawarar cewa kada hasken da ƙarin dajin ya samu ya kauce wa abin da aka rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100. Idan hasken ya gaza, ƙwayoyin dajin da suka tsira za su sake tsirowa. Idan ya zarce, hanji ko laka ko mafitsara su ne za su ƙone, kuma sau da yawa lahanin ba ya bayyana sai bayan watanni.

Ƙa'idojin kariya da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta fitar a 2014 sun ɗora wannan nauyi a wuyan masanin fiziks na asibiti. Wajibi ne ya auna ƙarfin injin kafin a fara amfani da shi, da bayan duk gyaran da zai iya taɓa ƙarfin hasken, da kuma lokaci-lokaci yadda hukumar ƙasa ta amince. Na'urar awonsa ma dole a daidaita ta da ma'aunin wani ɗakin gwaji da aka yarda da shi. Ana yin awon cikin tankin ruwa, domin ruwa na shan haske kusan yadda tsokar mutum ke sha, sannan a gyara lissafin bisa zafin ɗakin da nauyin iskarsa, wanda hakan ya sa lissafin da ya dace da Legas ba zai dace da tsaunin Jos ba sai an gyara.

Sharaɗin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne cewa wani masani daban ya sake awon da kansa kafin a kwantar da majinyaci na farko. A 1996, a asibitin San Juan de Dios da ke babban birnin Kosta Rika, an sauya ƙwayar kobalt-60 ta injin gashi, wadda ita ce ke fitar da hasken, sai wajen awon ƙarfinta aka ɗauki minti 0.3 a matsayin daƙiƙa 30 alhali daƙiƙa 18 ne. Wannan ya sa aka zaci injin ya fi rauni, aka tsawaita lokacin gashi, majinyata 115 suka sha haske fiye da kima da kusan rabi ko sama da haka, wasu suka rasu. Da an sami ido na biyu da ya sake awon, da an kama kuskuren a ranar farko.

Tun 1969 IAEA da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aika wa asibitoci ƙananan na'urorin awo ta gidan waya. Asibiti ya haska su, ya mayar da su ɗakin gwajin Seibersdorf a Ostiriya, a kwatanta abin da ya ce ya bayar da abin da aka gano. Saɓanin da ya wuce kashi 5 sai an bi diddiginsa.

A Nijeriya, dokar kariya daga haske ta 1995 ce ta haifi hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wato NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, kuma ta fitar da ƙa'idojin gashin ciwon daji a 2006. Babu cibiyar da ke da hurumin kunna injin gashi ba tare da lasisinta ba. Saboda haka idan an dakatar da gashi bayan gyaran inji aka ce ana awo, kada dangin majinyaci su ɗauka sakaci ne, ko da sun yi doguwar tafiya. Kuma suna da damar tambayar yaushe aka auna injin, da ko wani masani na daban ya tabbatar da awon.