Lemun kwalba da ya koma giya: mi doka ta ce a nan Maraɗi da ƙetaren iyaka

Akwai wani abu da wasu turawa ke yi a gidajensu don nishaɗi, su samu lemun kwalba irin su Mountain Dew ko Fanta, ko siro ɗin nan mai kauri da ake sirka wa ruwa a injin sayar da lemu, su zuba masa yis, su rufe su aje makonni har ya koma giya. Suna ɗauka a bidiyo suna dariya, kuma kusan kowane sai ya ce maka doka ta yarda. To bidiyo bai san iyaka ba, har wayoyin samarinmu yana shigowa, shi ya sa za ka ji yaro a fada ana shan shayi yana cewa ai wanga ba giya ba ne lemu ne, kuma ai bature ya ce babu laifi. Maganganun nan biyu kowace akwai gyara cikinta.

Mu fara da "lemu ne". Yis abu ne mai rai, abincinsa sukari, in ya ci sai ya fitar da abu biyu, alkol da iska. Bai damu da daga ina sukarin ya fito ba, inabi ne ko dawa ko dabino ko Coca-Cola duk ɗaya ne gare shi. Litar Coca-Cola guda tana ɗauke da sukari sama da giram 100, in yis ya cinye shi duka za a samu alkol wajen kashi 6 cikin ɗari, wato ƙarfin biya ta kwalba ko ya ɗan fi. Siro kuwa ninkin-ba-ninki ne, don a injin lemu awo ɗaya nasa ake haɗawa da awo biyar na ruwa. Abin da ke ba masu wagga harka wahala kawai shi ne maganin hana lalacewa da kamfanoni ke sa wa lemu, irin su benzowat da sorbat, aikinsu ke nan su hana yis motsi, shi ya sa da yawa abin ke ƙare musu a ruwa mai tsami da wari. Amma in dai ya kama, abin da ke cikin bidon nan alkol ne irin wanda ke cikin burkutu da wiski, kuma babu alƙalin da zai tsaya karanta tambarin da ke jikin kwalba, abin ciki zai sa a auna.

Sai "doka ta yarda". Ta yarda, amma dokar wa? Ta Amurka. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta halatta wa mutum ya dafa biya a gidansa ba tare da biyan haraji ba, ta fara aiki a 1979, ita giyar inabi ta gida dama an riga an bari kafin nan. Kuma ba sakaka anka bar abin ba. Baligi guda galan 100 a shekara, wajen lita 378, gidan da ke da baligi biyu ko fiye galan 200, ba a wuce nan. Na sha ne a gida, ranar da ka sai da kofi ɗaya ka fita daga inuwar dokar. Tace giya a tukunya da bututu don a fitar da mai ƙarfi, irin yadda ake ogogoro, wannan sai da lasisin gwamnatin tarayya ko da ɗigo ne. Kuma kowace jiha da nata, jihohin Misisipi da Alabama sai 2013 sunka yarda. Ingila ta cire sharaɗin lasisin dafa giyar gida a 1963, ita ma tacewa tana nan haramun sai da izini. A Japan kuwa, ƙasar da ake shan giya sosai, duk abin da ka haɗa a gida ya wuce kashi 1 cikin ɗari na alkol ka taka doka. Ka ga ko su can ba bakinsu ɗaya ba, ballantana a ce maganar wani da ke zaune garejinsa a Amurka ta zama hujja ga mai zaune unguwar Zariya ko Sabon Gari ko Bagalam a nan Maraɗi.

To mu nan gida fa? Gaskiyar da wasu ba su son ji ita ce kotunan Nijar ba su yi wa baligi hukunci don ya sha giya kawai. Kundin hukunta laifukanmu da anka kafa a 1961, anka yi ta yi masa gyara daga baya, tushensa dokar Faransa ne, al'ada da addini suna shigowa ne wajen aure da saki da gado da gona, ba wajen laifuka ba. Shi ya sa akwai mashaya masu takarda a Yamai da nan Maraɗi, ana shigo da giya ta duwan ana biyan kuɗi. Amma daga nan a ce ashe kowa ya yi abin da ya ga dama, wannan kuskure ne babba, don doka ta datse hanyoyi da yawa kuma mai haɗa giyar lemu kusan duk sai ya bi ta cikinsu.

Maye a bainar jama'a laifi ne mai zaman kansa. A same ka kana tangaɗi bakin titi ko tasha ko kasuwa, ɗan sanda yana da ikon ya kama ka nan take, daga komisariya a miƙa ka gaban mai gabatar da ƙara, hukuncin kaso ne ko tara ko duka biyun, kuma babu wanda zai tambaye ka Fanta ce asalinta ko inabi. In ka hau moto ko ka ja mota a haka ka kaɗe wani, mayen ƙara maka nauyi zai yi, ba sassauci ba.

Sayarwa ita ce babbar magana. Ba a buɗe wurin sai da abin sha mai sa maye sai da izinin hukuma, kuma giya kaya ce da gwamnati ke ɗora wa haraji na musamman, a ƙasashen UEMOA masu kuɗin sefa, wanda Nijar ke ciki, ƙa'idar ita ce tsakanin kashi 15 zuwa 50 cikin ɗari. Wanda ya haɗa bido biyu a bayan ɗaki yana ɗura wa abokai a gorar ruwa kowa na aje dala arba'in ko hamsin, a idon doka ya buɗe mashaya ba takarda, ya kauce wa haraji, sannan ya sai wa mutane abin sha da ba wanda ya duba tsabtarsa, alhali tun 1993 ƙasar nan ke da dokar tsabtar jama'a da ta ba ma'aikatan tsabta ikon duba abin ci da abin sha da ake sayarwa su kama wanda ya lalace. Cewa "ai karo-karo munka yi ba sayarwa ba ce" ba ta cika fitar da mutum ba, tunda kuɗi ya fita daga hannu kofi ya shiga hannu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yara. Doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 18 ba giya, har mai mashaya da takardarsa a hannu in ya yi haka sai an hukunta shi. Ita kuwa giyar lemu illarta ke nan, launinta na lemu, ƙamshinta na lemu, da sauran zaƙi a baki, a gorar lemu take zaune. Ƙanenka ɗan shekara tara ya buɗe firigo da rana tsaka lokacin zafin Afrilu ya ga gora ja mai sanyi, mi kake zato zai yi? Jikin yaro ba ya ɗaukar alkol kamar na babba, sukarin jininsa na iya faɗuwa ya suma. Ranar nan ba ɗan sanda ne zai fara cin mutuncinka ba, tsohuwarka ce.

Sannan ga masu ƙarin gishiri. Tunda abin yakan fito da rauni, sai wani ya ce bari a ƙara masa ƙarfi, a jefa tramol ko a tsiyaya maganin tari mai kodin ko alkol ɗin kunna wuta. In ƙwaya ta shiga, magana ta bar dokar giya ta koma dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999, mutanen OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin ƙwaya, ke nan, kuma hukuncin can ba wasa ba ne. Alkol ɗin masana'anta kuwa yakan ƙunshi metanol, wanda kaɗan daga cikinsa ke makantarwa, ya ɗan ƙaru ya kashe. A 2015 kimanin mutum 70 sunka mutu a jihar Ribas ta Najeriya bayan sun sha ogogoro mai metanol. A shekarar dai, a Mozambik, mutum 75 sunka rasu bayan shan giyar gargajiya wajen zaman makoki, bincike ya gano guba ce daga garin masara da ya ruɓe, ba ma wanda ya zuba komi da gangan. Wanda ya haɗa abin da ya illata wani ko ya kashe shi, rashin niyya ba ta wanke shi, akwai laifin raunatawa da na kisa bisa sakaci. Ko fashewar kwalba ma, don iskar da yis ke fitarwa in ba ta samu mafita ba kwalbar gilashi tarwatsewa take yi, ido ɗaya na ɗan maƙwabci ya isa ya kai ka gaban alƙali.

Yanzu mu tsallaka Ɗan Isa mu shiga Jibiya, tunda mu mutanen Maraɗi ƙafa ɗaya nan ƙafa ɗaya Katsina muke. Can lissafi ya sake gaba ɗaya. Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a laifuka a farkon 2000, Katsina da Kano sunka bi a shekarar, har jihohi 12 na arewa. A dokokinsu shan abin maye kansa laifi ne ga Musulmi, ko a ƙuryar ɗaki, haddinsa bulala 80, haɗawa da ajiyewa da sayarwa su ma da nasu hukunci. Hisbar Kano kowa ya ga hotunanta tana murƙushe kwalabe da katafila, Katsina ma yanzu tana da tata Hisba. Katin ɗan ƙasa na Nijar ba ya kare ka, dokar laifi ƙasar da kake tsaye take bi. Haka Saudiyya da ta haramta giya tun 1952, ga masu zuwa Umara ko neman kuɗi, a 2014 an kama wani dattijo ɗan Ingila a Jidda da giyar da anka haɗa a gida cikin motarsa, sai da ya share sama da shekara a kaso kafin gwamnatin ƙasarsa ta samu a sake shi. Wanda ke da Ingila a bayansa ke nan.

A addini kuwa maganar ba ta da kwana. Hadisi ya tabbata cewa duk abin da ke sa maye giya ne, kuma abin da mai yawansa ke sa maye kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Risala da muke karantawa a zaure ta faɗi ƙarara, wanda ya sha giya ko tsimi mai sa maye bulala tamanin, ya bugu ko bai bugu ba, kuma a mazhabar Malikiyya ko warin giya a baki in shaidu biyu sunka tabbatar ya zama hujja. Cikin mutum goma da anka la'anta kan giya har da mai matsa ta da wanda anka matsa dominsa, saboda haka mai cewa ni gwaji nike ba sha zan yi ba, ya je ya sake tambayar malaminsa. Kuma ko babu kotu, gari na da nasa hukunci, waɗanda sunka ga Nuwamban 2000 lokacin zanga-zangar ƙin FIMA, bikin nuna tufafin zamani na Afirka, sun san yadda anka afka wa mashaya a garin nan. Ban ce daidai ne mutane su ɗauki doka a hannu ba, ba daidai ba ne, amma wanda zai aje bidon giya a gidan haya cikin unguwa ya san inda yake zaune.

Tambayar da ta fi kusa da mu ma ba ta samarin bidiyo ba ce, ta iyayenmu mata ce masu sai da zoɓo da lemun tsamiya da na citta da kunun zaƙi. Su ba su zuba yis, amma yis na nan a iska da jikin 'ya'yan itace da cikin gorar da ba a wanke da kyau ba, in kuran ya ɗauke kwana guda cikin zafin da ke haura digiri 40 abin sai ya fara aiki da kansa. Alamunsa ba su ɓuya, gora ta kumbura ta yi tauri, ka murɗa marfi ta yi tsiii, kumfa na tasowa daga ƙasa, zaƙi ya ragu, wani wari mai yaji ya bugi hanci. Hajiya ba ta zama mai dafa giya ba don haka ta faru, ba niyya kuma ba ta haɗa komi ba. Annabi (SAW) da kansa ana jiƙa masa zabibi ya sha ranar da kashegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan nan ba ya ƙara sha. Ma'aunin shi ne canzawar abin, kuma a zafin Maraɗi ba ya jiran kwana uku. Inda nauyi ke hawa kanta shi ne ta ga alamun nan ta ce asara ba ta yiwuwa, ta ƙara sukari da ƙanƙara ta ba yarinya ta kai ƙofar lakwal, nan ta sai da abin sha da ta san ya lalace, kuma ga yara, ma'aikacin tsabta na da ikon ya kama kayan ya ci ta tara. Dabarar da masu sana'ar da sunka daɗe ke yi ita ce su dama daidai abin da zai ƙare a yini, su wanke gora da ruwan zafi da sabulu kafin ɗuri, wanda ya kwana ba sanyi kuma a buɗe a shinshina kafin a sa shi cikin kula.