Wuƙar waje ta kwantar da ta gida: abin da dokar Ghana ta ce game da masana'anta da ma'aikacinta

Bayan sallar isha'i wani ɗan maƙwabcina a unguwar Nima ta Accra ya tare ni a ƙofar gida da takarda naɗe a hannu. Yana aiki ne a wata ƙaramar masana'antar wuƙaƙe da adduna, a sashen wasawa, shi ya sa kullum farcensa baƙi ne da garin ƙarfe, ko ya wanke ba ya fita. Takardar ta ce an mayar da aiki kwana uku a mako saboda kaya sun taru a sito ba mai saye.

“Kawu,” ya ce, “ba wata doka da za ta hana shigo da wuƙaƙen nan ne? Kuma in suka sallame mu, mun tashi a tutar babu ke nan?”

Na ce masa, ɗana, tambaya biyu ka yi, kuma kowace da dokarta da ofishinta.

Mu fara da wuƙar. Duk wanda ya shiga kasuwar Nima ko Tudu ana saura kwanaki babbar sallah ya ga yadda ake baje su a faranti, farare tas, kowace a ledarta, yawanci daga ƙasar Sin. Wani mahauci ya taɓa ɗora mini biyu a kan katakon sara. Ta gidan baƙa ce mai nauyi, cikinta ya lotsa saboda yawan wasawa, ya ce ta shekara da shekaru a hannunsa. Ta wajen kuwa bakinta ya riga ya yi giɓi. Amma da na tambaye shi wacce yaransa suke saye, sai ya nuna mini mai giɓin, domin kuɗinta ne aljihunsu yake iya ɗauka.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, arha kaɗai ba laifi ba ce a doka. Ghana tana cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, tun 1995, kuma tun 2016 take aiki da harajin kwastam na bai ɗaya na ECOWAS mai hawa biyar: sifili, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35 cikin 100. Wanda ya biya harajin da ya hau kan kayansa a tashar jiragen ruwa ta Tema, yana da 'yancin sayarwa. In maƙerin waje ya fi namu arhar ƙarfe da wutar lantarki da manyan injuna, wannan gasa ce, doka ba ta hana ta ba.

Abin da doka ta ba da damar a yaƙa shi ne jibge kaya, wato kamfanin waje ya sayar wa Ghana da kaya ƙasa da farashin da yake sayarwa a ƙasarsa, ko ƙasa da abin da ya kashe wajen ƙerawa. A ce wuƙa tana tashi sidi 10 a kasuwar garinsu, amma ya sakar wa ɗan kasuwarmu a sidi 8. Wannan giɓin na sidi 2 shi ake aunawa, kuma shi ne iyakar ƙarin harajin da za a iya ɗora wa kayan. Ba a ɗora harajin don hukunci, ana ɗora shi ne don cike giɓin kawai.

Ofishin da ke wannan aiki shi ne Hukumar Cinikin Ƙasa da Ƙasa ta Ghana, GITC, wadda doka mai lamba 926 ta 2016 ta kafa a Accra. Bayan jibge kaya, tana duba kayan da gwamnatin wata ƙasa ta tallafa wa masu yin su da kuɗi, tana kuma duba kwararar kaya ta ba-zata da ke neman durƙusar da masana'antun gida ko da ba a yi wata cuta ba. Wannan na ƙarshe kariya ce ta ɗan lokaci, don masana'anta ta samu ta numfasa ta gyara kanta.

Sai dai hukumar ba ta aiki da kuka, da hujja take aiki. Abu uku ake so a tabbatar tare: an jibge kayan, masana'antar gida ta ji ciwo na gaske, kuma jibgewar ce ta jawo ciwon. Na ukun ne ya fi wuya. In lauyan mai shigo da kaya ya nuna cewa tsufan injin ne, ko tsadar wuta, ko faɗuwar sidi ta kwantar da kamfanin, ƙarar ta yi rauni. Ƙa'idojin WTO sun ƙara da cewa masu goyon bayan ƙarar su kasance suna ƙera aƙalla kashi 25 cikin 100 na irin kayan a ƙasar, kuma in giɓin farashin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, a rufe binciken. Binciken kansa yana iya cin shekara guda, har zuwa wata 18. Harajin da aka ɗora yana faɗuwa bayan shekara 5 sai in an sake dubawa an sabunta shi.

An taɓa bin wannan hanya a nan gida. Kamfanin Aluworks na Tema ya kai ƙara kan kayan alminiyam da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, kuma a 2020 hukumar ta yanke a ɗora musu ƙarin harajin da ya haura kashi 35 cikin 100. Ke nan ƙofar tana buɗewa. Damuwata ita ce ƙaramin mai masana'anta, balle maƙerin zango da ke zaune gaban zuga-zugi yana mayar da tsohon sifirin ɗin mota wuƙar fawa, ba shi da akanta da lauyan da za su nemo farashin wata kasuwa a ƙasar Sin. Irin waɗannan sai sun haɗa kai, ko sun jingina da Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Ghana, AGI, sannan muryarsu za ta kai.

Wani abu kuma: ba kowace ɓarna ce jibge kaya ba. Wanda ya rage kuɗin kaya a takardar kwantena don ya tsere wa haraji, ko ya shigo da su ta ɓarauniyar hanya, maganarsa tana wurin kwastam na hukumar haraji, GRA. Wuƙar da ba ta da inganci tana wurin hukumar ingancin kaya, GSA. Wanda ya kwaikwayi tambarin wani kuma dokar tambari ce ta hau kansa. Masaƙun atamfa na ƙasar nan sun sha wannan ɗacin, domin fasa-ƙwauri da satar zane sun yi musu ɓarnar da harajin bakin ruwa bai iya tarewa ba. Wanda ya kai kukansa ofishin da ba nasa ba, wata da watanni zai ɓata.

Yanzu tambayar da ta fi hana yaron nan barci. Amsarta tana cikin Dokar Ƙwadago mai lamba 651 ta 2003, sashe na 65. Mai kamfanin da ke shirin wani babban sauyi da zai iya jawo sallamar ma'aikata, wajibi ne ya rubuta wa Babban Jami'in Ƙwadago da ƙungiyar ma'aikatan wurin aƙalla wata 3 kafin lokacin. A takardar zai faɗi dalili, da yawan mutanen da abin zai shafa da irin aikinsu, da lokacin da za a yi sallamar. Sannan dole ya zauna da ƙungiyar a nemi yadda za a kauce wa sallamar ko a rage ta, da yadda za a sassauta wa waɗanda ta faɗa wa. Liƙa sanarwa a bakin get ranar Juma'a a ce kada kowa ya dawo Litinin ya saɓa wa wannan sashe.

In kamfani ya rufe, ko aka haɗe shi da wani, har ma'aikaci ya rasa aikinsa ko sharuɗɗan aikinsa suka ragu, yana da haƙƙin kuɗin sallama. A nan ne nake so kowa ya buɗe kunne: dokar ba ta yanka adadi ba. Ba ta ce albashin wata kaza a kan kowace shekara ba. Ta ce a yi ciniki tsakanin mai kamfani da ma'aikaci ko ƙungiyarsa. To wa ya fi ƙarfi a ciniki, mutum ɗaya da kuɗin haya ke bin sa, ko jama'a da suka zo da yarjejeniyar da aka riga aka sa wa hannu tun kamfani yana da lafiya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa nake ganin amfanin ƙungiya mafi girma ba a yajin aiki yake ba, yana cikin takardar da ta rubuta tun kafin ranar baƙin ciki. In cinikin ya ƙi, kowane ɓangare yana iya kai maganar Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, ta yanke.

Kafa ƙungiyar ba ta da wuyar da ake zato. Doka ta ce ma'aikata biyu ko fiye a wuri ɗaya suna iya kafa ta, ko su shiga wadda take akwai kamar ICU ta ma'aikatan masana'antu da kasuwanci. Korar mutum saboda ya shiga ƙungiya kora ce ta zalunci a idon doka. Yajin aiki kuma yana da nasa matakan sulhu da sanarwar kwana 7 kafin ya halatta, wanda ya tsallake su ya zubar da kariyarsa.

Akwai inda sashe na 65 bai kai ba, kuma a nan ne yaranmu na zango suka fi faɗawa. Bai shafi wanda aka ɗauka na ƙayyadadden lokaci ko don ƙayyadadden aiki ba, ko wanda ke zaman gwaji, ko ɗan aikin rana. Amma ita dokar ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata 6 a jere wurin mutum ɗaya, a ɗauke shi a matsayin na dindindin, kuma aikin wata 6 ko fiye sai da rubutacciyar yarjejeniya. Don haka sunan da aka laƙaba maka a bakin get ba shi ne ƙarshen magana ba, in kana da abin nunawa.

Na tambayi yaron shekararsa nawa a wurin. Ya ce huɗu. Na ce ina takardar ɗaukarsa aiki, ya ce tana cikin akwatin mahaifiyarsa. Na ce ya ɗauko ta gobe, ya haɗa da takardun albashi duk waɗanda ya ajiye, ya je ofishin hukumar fanshon ma'aikata, SSNIT, ya karɓo bayanin asusunsa ya ga ko kashi 5.5 da ake cira daga albashinsa da kashi 13 na kamfani suna shiga. Sannan ya nemi wakilin ƙungiyarsu ya tambaye shi abu ɗaya: an kawo musu takardar wata ukun, ko ba a kawo ba.