Ali da Frazier: Karon Tsakiya da Masu Gardama ke Tsallakewa

Tun da damben Manila ta ƙasar Filifin, karo na uku kuma na ƙarshe tsakanin Ali da Frazier, ya cika shekara 50 a watan Oktoban 2025, tsohuwar gardama ta sake tashi tsakanin masu sha'awar damben boksin: a cikin karo uku da Muhammad Ali da Joe Frazier suka yi, wanne ya fi? Dattawan da suka bi labarin ta rediyo suna cewa na 1971, samarin da suka san shi ta guntayen bidiyo a waya kuma suna cewa na 1975, wato na Manila. Masu goyon bayan Manila suna ba da labarinsa kamar hadarin da ya haɗo babu iska, wai mutum biyu ne kawai suka wayi gari suka yanke shawarar kashe juna. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Abin da aka gani a Manila ya daɗe yana haɗuwa, kuma mafi yawansa an dama shi ne a karo na biyu, wanda kusan kowa ke tsallakewa.

Farkon labarin sananne ne. Ali ya karɓi kambun duniya na ajin masu nauyi daga hannun Sonny Liston a 1964. A watan Afrilun 1967 ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka karɓe kambun, aka hana shi dambe shekara uku da rabi. A wannan tsakanin ne Frazier ya taso. Ɗan manoma ne daga Carolina ta Kudu da ya koma Philadelphia ya yi aiki a mayanka, abin da zai sa Bahaushe murmushi, tunda mu ma a nan dambe gadon mahauta ne. Ya ci zinare a Olamfik na Tokyo a 1964, ya kuma haɗe kambun a hannunsa a Fabrairun 1970 bayan ya doke Jimmy Ellis. Sai duniya ta samu zakara biyu a akurki ɗaya, ɗaya yana riƙe da kambu, ɗaya kuma ba a fage aka raba shi da nasa ba.

Ranar 8 ga Maris 1971 suka haɗu a Madison Square Garden da ke New York, babu wanda aka taɓa dokewa a cikinsu, Ali da nasara 31, Frazier da 26, kowa da dala miliyan 2.5 a aljihu. Ali ya zo ne bayan dambe biyu kacal da dawowarsa. A turmi na 11 Frazier ya girgiza shi, a na 15 ya ɗauko naushin hagun nan nasa mai zuwa a lanƙwashe kamar lauje ya kai shi ƙasa. Da damben gargajiya ne, an yi kisa, an tashi. A boksin kuwa Ali ya miƙe kafin a yi nisa da ƙirga, ya ƙarasa turmin da kumburarren muƙamuƙi, alƙalai uku duk suka ba Frazier. Wanda ya yi nasarar shi ne ya fi daɗewa a gadon asibiti.

Daga nan masu gardama sai su yi tsalle su dira Manila. A tsakani kuwa an yi shekara huɗu da rabi, kuma mutanen biyu da suka shiga waɗannan shekaru ba su ne suka fito ba.

A Janairun 1973 George Foreman ya kayar da Frazier sau shida cikin turmi biyu a Kingston ta ƙasar Jamaika, ya tafi da kambun. Wata biyu da ɗoriya bayan haka Ken Norton ya karya wa Ali muƙamuƙi a San Diego ya kuma ci shi da maki. A ramuwar da aka yi a Satumba da ƙyar da jiɓin goshi Ali ya sha. A shekarar dai Yank Durham, wanda ya raini Frazier tun yana ɗan koyo, ya rasu, ragamar horarwa ta koma hannun Eddie Futch. A lura da sunan nan. Futch mutum ne mai sanyin magana da kaifin ido, yana cikin waɗanda suka tsara wa Frazier dabarar 1971, kuma shi ne ya shirya Norton a karon da ya karya muƙamuƙin. Ba na jin akwai wanda ya karanci damben Ali kamarsa.

To, a wannan hali aka yi karo na biyu, ranar 28 ga Janairun 1974, a zauren da aka yi na farko. Babu kambun duniya a kan tebur, sai na yankin Arewacin Amurka. Turmi 12 aka yanka, ba 15 ba. Jama'a da yawa sun ɗauke shi a matsayin haɗuwar tsofaffin zakaru biyu da ke neman wanda za a miƙa wa Foreman. Abin da aka fi tunawa da shi ma ba a fage ya faru ba: 'yan kwanaki kafin damben an zaunar da su a ɗakin talabijin suna kallon karonsu na farko, magana ta yi zafi, suka cakumi juna har ƙasa, aka ci kowannensu tarar dala 5,000.

Amma a koma a kalli damben kansa a nitse. Ali ya zo da nauyin kilo 96, jikinsa a tsuke, ya kuma zo da darasin da ya koya a 1971, wato jingina da igiya a gaban Frazier sayen wahala ne da kuɗinka. Sai dai ƙafafun da yake rawa da su turmi 15 kafin 1967 ba su dawo gaba ɗaya ba, kuma ya san haka. Don haka ya raba aikin gida biyu. Zai zagaya, ya tsikari fuska da hagu, ya sauke biyu ko uku a jere. Da Frazier ya sunkuyo ya kutso ƙarƙashin hannunsa, inda gajeren mutum ke cin kasuwarsa, sai Ali ya ɗora tafin hagu a ƙeyarsa ya danno kan ƙasa, ya maƙale masa hannu da ɗaya hannun, ya jira a raba su. A raba, ya sake ja da baya, ya sake tsikara. Haka turmi bayan turmi.

Wanda bai san dambe ba zai ce ai runguma ce kawai. A gwada tunanin mutum mai tsawon santimita 182 yana fuskantar mai 191. Duk abin da ya mallaka yana cikin taku ɗaya ne daga ƙirjin abokin karonsa, kuma kafin ya kai wurin sai ya biya da naushi biyu ko uku a fuska. Ya biya, ya iso, ya buɗe kafaɗa zai saki hagu, sai ya ji nauyin ƙato a wuyansa, goshinsa yana kallon tabarmar fage. Kuɗin ƙofa ya tafi a banza, sai ya sake biya. Ga wuya da gadon baya suna ɗaukar kaya har ƙarshen dare. Shi kuma mai riƙon yana samun daƙiƙa huɗu ko biyar na numfashi a kowane karo.

Ni ban ɗauki wannan a matsayin abin kunya ba. Riƙo tsohuwar dabara ce a boksin, doka ta hana shi a rubuce amma ba ta ce a karo na nawa za a cire maki ba, kowane dare da yadda ake auna shi. Mutum ɗan shekara 32 da aka yanke wa shekara uku da rabi daga tsakiyar ƙuruciyarsa dole ya nemi abin da zai maye gurbin ƙafa. Kuma ɓangaren Ali ma suna da nasu ƙorafin: a ƙarshen turmi na 2 ya sami Frazier da dama har ya yi tangaɗi, cikin hayaniyar zaure aka ɗauka an buga ƙararrawa, aka raba su alhali da sauran lokaci, Frazier ya samu ya dawo hayyacinsa. Daga turmi na 7 zuwa na 8 Frazier ya matsa ƙwarai, amma bai isa ba. Alƙalai uku suka ba Ali, mafi kusa a cikinsu ya ba Ali turmi 6, Frazier 5, turmi ɗaya canjaras.

 Futch ya koma ya zauna da faifan damben yana ƙirgawa, ya fito da adadi: sau 133 aka riƙe yaronsa. Wannan lamba ya ajiye a aljihu wata 20.

Nasarar ta buɗe wa Ali hanyar Kinshasa, inda ya kayar da Foreman a turmi na 8 ranar 30 ga Oktoban 1974 ya dawo da kambunsa. Frazier kuma ya doke Jerry Quarry da Jimmy Ellis, amma ganin yadda Foreman ya yi da shi da yadda aka ɗaure shi a karo na biyu, sai aka yi ta cewa ya ƙare. Da wannan zato aka tafi Filifin. Ali ya hau sikeli da kilo kusan 102, ƙarin kilo shida a kan na 1974, nauyin mutumin da ke shirin gama aiki da wuri, ba na mai shirin zagaye ba. Shi kuwa Futch tun kafin ranar ya tsaya kai da fata a kan batun wanda zai yi alƙalanci a cikin fage, wato mai raba su, yana kafa hujja da lambar nan tasa. A ƙarshe aka ba wani ɗan ƙasar, Carlos Padilla. Tun a turmin farko-farko, da hannun Ali ya sauka a ƙeyar Frazier sai Padilla ya cire shi ya yi gargaɗi. Aikinsa ya yi, kuma ya yi shi daidai.

A haɗa lissafin yanzu. Ƙafa ta ragu, riƙo ya fita daga hannu, jiki ya ƙara nauyi. Abokin karo kuma mutum ne da bai iya ja da baya ba ko da yana so, ga shi shi ma saurin kauce wa naushi da sunkuyonsa ya ragu. An sa damben da hantsi, ranar 1 ga Oktoban 1975, don ya dace da daren masu kallo a Amurka, a zauren Araneta da ke birnin Quezon mai maƙwabtaka da Manila, cike da jama'a da fitilun talabijin, zafi kamar gidan burodi. Turmi kuma 15 ne. Me ya rage wa mutanen nan biyu ban da su tsaya su karɓa?

Haka kuwa aka yi. Ali ya kwashe turmin farko-farko yana tsaye da ƙafa biyu yana neman kisa, bai samu ba. Daga na 5 Frazier ya manna shi da igiya yana dukan haƙarƙari da ƙugu, a na 6 ya sauke masa hagun da da wani ne da an ɗauke shi ranga-ranga. An ruwaito cewa a tsakiyar wannan ne Ali ya ce masa an faɗa mini ka ƙare, shi kuma ya amsa da cewa ƙarya aka yi maka. Wajen turmi na 11 fuskar Frazier ta fara rufewa. Idonsa na hagu dama ya daɗe da rauni, na dama kuma ya kumbura, ya daina ganin hannun Ali yana zuwa. A na 13 naushi ya fitar da robar bakinsa ta yi tsalle ta bar fage. Bayan na 14 Futch ya dubi yaronsa a kan kujera, Frazier yana cewa a bar shi ya ƙarasa, ya dafa shi ya ce ya isa. Mutumin da ya yi ƙirgar da ta hana riƙo shi ne ya tsayar da abin da hanawar ta haifar. Ali, wanda ke gaba a katin alƙalai duka uku, ya ce bai taɓa kusantar mutuwa kamar ranar ba.

Idan aka tambaye ni, a fagen gwaninta na 1971 ya fi. A can ana kaucewa, ana auna tazara, kowa yana da abin da zai ɓoye. Abin da ke sa gashin jiki tashi a Manila shi ne yawan naushin da ya sauka, kuma naushi yana yawan sauka ne idan hanyoyin guje masa sun toshe. Shi ya sa nake jin wani iri idan na ga samari suna maimaita turmi na 14 suna shewa. Na 1974 kuwa ba shi da daɗin kallo, na yarda, sai dai shi kaɗai ne a cikin ukun da kowannensu ya bar fage da lafiyarsa.

Jimilla turmi 41 suka yi, Ali ya ci karo biyu, Frazier ɗaya. Bayan Manila Frazier dambe biyu kawai ya ƙara, bai ci ko ɗaya ba: Foreman ya sake doke shi a 1976, ya yi canjaras a 1981. Ali ya ci gaba har ƙarshen 1981, a 1984 aka tabbatar yana da cutar Parkinson. A cikin shekarun 1980 ɗin ne aka rage damben kambun duniya daga turmi 15 zuwa 12, tsawon karon tsakiyar nan da ba a son tunawa. Frazier ya rasu a Nuwamban 2011, Ali kuma, jikinsa na rawa, yana cikin waɗanda suka je jana'izarsa a Philadelphia.