Daga Legas zuwa Sifaniya a mota: hanya, takardu da jirgin fito

Da gaske mutum zai iya tayar da mota a Agege ya kashe ta a Turai?

Zai iya, an kuma yi. A 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur ya iso Legas a ƙarshen watan Mayu, sannan a 2024 Pelumi Nubi ta yi wannan hanya a ƙaramar mota ƙirar Peugeot 107, ta iso a watan Afrilu. Daga Legas zuwa Tanja ta Maroko, inda ake tsallakawa Sifaniya, tafiyar ta haura kilomita 6,000. Ruwan da dole sai an hau jirgi kafin a ƙetare shi kaɗan ne, kuma ba shi ke mayar da mutane gida ba. Takardu ne, da rashin daidaita ranakunsu.

Wace hanya ake bi?

Kashin farko sananne ne ga duk mai fatauci: Mile 2, Badagry, bodar Seme, Kwatano, bodar Hillacondji, Lome, Aflao, Akra, Elubo, sai Abijan. Kimanin kilomita 1,000 ne, da boda huɗu. Gaɓar Togo ba ta wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba, sai ka ga ka daɗe a layin boda fiye da yadda ka daɗe kana tuƙi a ƙasar. Da ka shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, haka zai tsaya har Muritaniya. A wannan kashi Bahaushe ba ya ɓata, domin akwai zango a Kwatano da Lome, ga Nima a Akra, ga 'yan uwa a Treichville da Adjamé a Abijan.

Daga Abijan ne shawara ke rabuwa. Da can masu zuwa Dakar ta Mali suke bi, Bamako zuwa Kayes, don ta fi miƙewa. Yanzu rashin tsaro ya sa babu mai hankalin da zai ɗora iyalinsa a kanta. Abin da ya rage shi ne a haura ta Man da Danané a shiga Gini ta Nzérékoré, a bi Mamou da Labé da Koundara, a faɗa Senegal ta wajen Tambacounda. Hanya ce ta duwatsu da ramuka, kilomita 300 kan cinye yini guda. Akwai kuma ta bakin teku, Laberiya da Saliyo, mai ƙarin boda biyu da ƙarin canjin kuɗi biyu.

Daga Dakar sai Saint-Louis, a ƙetare kogin Senegal a shiga Muritaniya, Nuwakshot, a miƙe arewa kusan kilomita 450 cikin hamada zuwa bodar Guerguerat. Tsakanin shingen Muritaniya da na Maroko akwai 'yan kilomitoci da ba a sauka daga sawun motoci, saboda nakiyoyin da aka binne tun lokacin yaƙin Yammacin Sahara. Bayan nan kwalta ce mai kyau: Dakhla, Laayoune, Agadir, Kasabalanka, Tanja.

Waɗanne takardu mutum yake buƙata a jikinsa?

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida da shafuka da yawa babu hatimi, don kowace boda hatimi biyu take ci, na fita da na shiga. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza a ƙasashen ECOWAS in zamansa bai wuce kwana 90 ba, kuma wannan ya kai shi har Senegal. Muritaniya ta fice daga ƙungiyar tun 2000, saboda haka sai da biza, haka Maroko, haka Sifaniya.

Sai katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa da ake karɓa a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, amma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Wanda ya sayi katin bogi ya cuci kansa sau biyu: ga sauro, ga jami'in da zai duba lambar.

Bizar Schengen, wato ta shiga Sifaniya da wasu ƙasashen Turai, ita ce ginshiƙin da ake ɗaure sauran ranaku a jikinsa. A ƙasar da kake zaune ake nemanta, ba za ka isa Rabat ka ce a ba ka ba. Sifaniya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a nan Legas. Ba a karɓar buƙata fiye da wata shida kafin tafiya, kuɗinta yuro 90 ne ga babba, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Kuskuren da aka fi yi shi ne a nemi biza ta mako biyu daidai ranar da ake sa ran isa Tanja. A ce giyar mota ta lalace a Labé, an yi kwana tara ana jiran kayan gyara, an iso bakin ruwa biza ta mutu. A nemi mai faɗi, a kuma ƙara mako biyu a kan duk lissafin da taswira ta bayar.

Ita motar fa?

Nan ne aikin yake. Sunan da ke kan takardun mota ya zama shi ne a fasfo, harafi da harafi. In fasfo ya ce Muhammad takardar mota ta ce Mohammed, a gyara tun a Legas. In motar Alhaji ce ko ta kamfani, sai da takardar izinin fita da ita ƙasar waje mai hatimin lauya, a kuma fassara ta da Faransanci. Kafin a tashi, a buɗe bonet a goge lambar inji da ta shasi da tsumma da fetur, a karanta su da tocila a gwada da abin da ke takarda. Motocin da aka sauya wa inji ba a sabunta takarda ba, a nan suke kwana a boda.

Bayan lasin tuƙi na gida a nemi na ƙasa da ƙasa. Sai inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, wadda aka kafa tun 1982. Ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba gyaran motarka ba, kuma ƙarfinta ya ƙare a Senegal. A bodar Muritaniya a sayi inshorar ƙasar, a ta Maroko a sake saye, a tashar jirgin Sifaniya ma haka.

Kowace ƙasa kwastan ɗinta zai ba motar takardar shiga ta wucin gadi, wadda ƙasashen Faransanci ke kira laissez-passer ko passavant. Abu biyu ake dubawa kafin a bar taga: kwana nawa aka rubuta, da kuma ko an rubuta bodar da za a fita. Senegal kan rubuta kwanaki kaɗan, sai an je an tsawaita a ofishin kwastan. Lokacin fita kuma a tabbata an karɓi takardar an soke ta, in ba haka ba a littafinsu motar tana cikin ƙasa, kamar an sayar da ita ba a biya haraji ba. Akwai kundin da ake kira carnet de passages da ke maye gurbin waɗannan takardu a ƙasashen da suka yarda da shi, sai dai ana ajiye kuɗin jingina mai nauyi kafin a bayar. Maroko kan ba mota wata shida, kuma tana ɗaure ta da fasfon wanda ya shigo da ita, ba ya hawa jirgin sama ya bar ta haka nan.

A yi kwafi goma na kowace takarda. A Muritaniya da kudancin Maroko shingayen jandarma suna neman takarda ɗaya mai sunanka da lambar fasfo da ta mota da inda za ka. Wanda ya buga talatin tun daga gida miƙawa kawai yake ya wuce, wanda bai yi ba kuwa sai ya sauka a kowane shinge a rubuta da hannu.

A ina ake hawa jirgin fito, kuma yaya ake yi?

Wuri uku ne. Na farko tsakanin Banjul da Barra a bakin kogin Gambiya. Ba dole ba ne, domin tun Janairun 2019 aka buɗe gadar Senegambiya kusa da Farafenni, kuma wanda ya fito ta Tambacounda yana iya zagaye Gambiya gaba ɗaya. Na biyu a Rosso, tsakanin Senegal da Muritaniya. Ƙetarawar mintuna ce, amma jira da 'yan kamasho masu fizgar fasfo daga hannu kan cinye yini. Shi ya sa masu ƙananan motoci da yawa ke bin madatsar ruwa ta Diama, inda ba jirgi, sai dai bayanta akwai hanyar ƙasa da ke zama taɓo in an yi ruwa.

A irin waɗannan jiragen kogi, bakin hawa shi ne abin tsoro. Ƙarfen da ake takawa yakan yi tudu da gaɓa gwargwadon cikar ruwa, mota mai ƙasa-ƙasa da ta sha kaya sai ta daki salansa ko tankin baƙin mai. A sauke fasinjoji su shiga da ƙafa, a hau a karkace a giya ɗaya, a bar gilashin direba a buɗe. In an tsaya a ja birkin hannu a bar ta cikin giya, a nemi katako a tare taya.

Na uku shi ne babba, mashigin Jibraltar, wanda faɗinsa kilomita 14 ne a inda ya fi matsewa. Daga tashar Tanger Med, kimanin kilomita 40 gabas da birnin Tanja, zuwa Algeciras ta Sifaniya awa ɗaya da rabi ne. Daga cikin birnin kuma akwai jirgi mai sauri zuwa Tarifa, kusan awa ɗaya, amma shi ne ake fara dakatarwa in iskar gabas ta taso. Kuɗin tikiti da tsawon mota da tsayinta ake yankewa, don haka a auna da tef bayan an ɗaura kaya a sama, ba kafin ba. Wanda ya biya kuɗin ƙaramar mota ya zo da safaya biyu a rufi, a bakin ƙofa zai yi ciko ko ya rasa gurbi. A iso awa biyu kafin tashi saboda 'yan sanda da kwastan da na'urar haska motoci. A cikin jirgi a naɗe madubai, a kashe ƙararrawar ɓarayi don kaɗawar ruwa na tayar da ita har batir ya mutu, a rufe tukunyar gas. A ɗauki fasfo da magani da rigar sanyi, domin ana kulle ɗakin motoci har a isa. Jarkar fetur kuwa a juye ta cikin tanki tun a waje.

Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba 'yan Maroko mazauna Turai ke zuwa hutu gida. Ƙarshen Agusta, lokacin komawarsu, layin motoci a Tanger Med ba ya da kyan gani.

Me za a gyara a mota, me za a ɗauka?

Ba sai jif ba, amma mota mai ɗan tsayi da kayan gyaranta ke ko'ina ta fi mai tsada da sai kwamfuta ke gane ciwonta. A kai wa bakanike wata guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don abin da aka ɗaura ba daidai ba ya nuna kansa a Legas. A duba bel ɗin cikin inji da famfon ruwa, a wanke lagireto, a sauya birki da baƙin mai da matatun mai da iska, a duba shokozoba. Taya kuwa a karanta lambobi huɗun da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara biyar, ko haƙoranta na da kyau, zafin kwaltar hamada na iya fasa ta.

Daga kasuwar Ladipo ta Legas a sayo fanbel, fulogi, fiyus, tiyon lagireto da famfon mai. A ƙara safaya biyu, jak mai kyau da katakon da za a ɗora shi a yashi, famfon iska mai aiki da batir, igiyar ja, da ruwan sha lita 20. Abin kashe gobara, alwatikar gargaɗi biyu, riga mai ƙyalli da akwatin agajin gaggawa su ne abin da jandarma ke fara tambaya in yana neman laifi.

Mai: motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha sama da lita 600 kafin Tanja, a ƙara kashi 15 cikin ɗari saboda kaya da duwatsun Gini. A hamada kada a wuce gidan mai da rabin tanki. A kula da suna: essence ko super shi ne fetur, gasoil dizal, pétrole kuwa kananzir ne. A Sifaniya gasolina fetur, gasóleo dizal.

Kuɗi da kaya fa?

Sefa ɗaya ce a Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal, kuma a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kowane yuro. Gana sidi, Gini nata faran, Muritaniya ugiya, Maroko dirhami. Naira ba ta da amfani sosai bayan Kwatano, kati kuma ba abin dogaro ba ne, saboda haka a riƙe yuro, a raba shi wuri uku. Abin da ya kai yuro 10,000 sai an bayyana shi a ƙofar Turai. Duk kuɗin da aka nema a boda a tambayi rasit cikin fara'a. Na gaskiya yana da rasit, na goro kuwa yakan ragu in aka ga ba ka sauri.

Kilishi da dambun nama a cinye su kafin Tanja, Tarayyar Turai ba ta barin a shiga da nama ko madara daga waje. Maroko na ƙwace jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto. Magani mai ƙarfi irin su tiramadol, in ba takardar likita, yana iya kai mutum ɗakin da bai yi niyya ba.

Yaushe ya fi dacewa a tashi, kuma kwana nawa za a ware?

Nuwamba zuwa Fabrairu: damina ta ɗauke a Gini, zafin hamada bai taso ba. A ware mako huɗu zuwa biyar, da hutun yini guda bayan kowane kwana uku na tuƙi. Ba a tuƙin dare, saboda dabbobi da manyan motoci marasa fitila, kuma ƙananan bodoji na rufewa da yamma. A kwana kusa da boda a shiga da sassafe. Daga Legas a fita bayan sallar asuba kafin gosulon Mile 2 ya haɗu.

Wanda bai taɓa fita da mota ba ya fara da Akra, kusan kilomita 460, boda uku, kuɗi iri biyu, harshen hukuma biyu. Ya je ya dawo a cikin mako guda da motar da kayan da yake niyyar tafiya da su, sannan ya je neman biza.